Bugu Uku A Jikin Falwaya

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Amira ba ta aure cikin takaba!"

Suwaiba ce ta kwatsa wannan ihun, ta fizge kanta daga cinyar Taiba mai kitso, har matsefi ya yi tsalle ya faɗa kwanon man shanu. Rabin kai a kitse, rabi a tsefe ya miƙe tsaye, idanu jawur. Amarya ke nan fa, wadda saura kwana goma sha tara a ɗaura mata aure!

"To ai ta yi," in ji Hamdiyya, ko ɗaga kai daga wayarta ba ta yi ba. "Shekaranjiya anka ɗaura, ita da Kwamanda Mamuda. Har walima anka yi cikin jirgi. Ke da kina Maradun wurin jegon yayarki wata biyu, ina za ki sani?"

"A wane littafin?"

"Na ukku mana. Yau za a saki shafi na ashirin da biyu."

Na uku...

Suwaiba ta ji kamar an kwara mata ruwan randa a gadon baya. Littafi na ukun da ita mai labarin ko biro ba ta ɗora a kansa ba!

Bari a warware wa waɗanda ba su cikin guruf, wato zauren masu karatun na waya. Ayarin Bayan Wata labari ne da ake saki a waya, shafi ɗaya kullum, yau shekara biyu. Daga Talata Mafara har Bakura har Maradun, da wuya ka sami gidan da ba a taɓa ƙona miya saboda shi ba. Wasu mutane ne fari ya kora daga duniya, suka shiga jirgi da irin geronsu da awakinsu, suka sauka wata duniya mai jar ƙasa, suka raɗa mata Tungar Sama. Amira ce matuƙiyar jirgin. A ƙarshen littafi na biyu mijinta Sulaiman ya fita gyaran jirgi a sararin sama, igiyar ƙugunsa ta tsinke, duhu ya haɗiye shi. Ranar da aka saki wannan shafin, an ce wata mata a Ruwan Gizo ko tuwo ba ta iya ci ba.

Marubucin yana sa hannu da sunan Ɗan Janbako, kuma kowa yana zaton ya san shi: Zaharadeen mai gyaran waya na bakin kasuwa, angon Suwaiba. Hmm! Gaskiyar magana, daga harafin farko har na ƙarshe Suwaiba ce ta rubuta, a littafin makaranta mai layi-layi. Babanta Malam Sallau ba ya yarda babbar waya ta kwana a gidansa, balle ya ji ɗiyarsa na ƙirƙirar mutane masu tashi sama. Sai ta rubuta, idan Zaharadeen ya zo zance ta miƙa masa, shi kuma ya buga a waya ya saki. Alkawarinsu ɗaya ne: na uku sai bayan biki, a ɗakinta, da sunanta na gaskiya.

"Ni ma abin da nake faɗi ke nan tun shekaranjiya!" Taiba ta tsamo matsefinta tana sharce man a zani. "An rubuta ɓaro-ɓaro, bayan wata biyu. Wata biyu fa, jama'a! Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ko a sama ko a ƙasa."

"Ku matsalarku ba ku karatu da lura," Hamdiyya ta ce tana taɓe baki. "Watan Tungar Sama kwana saba'in yake yi. Biyu, ɗari da arba'in. Ta fita takaba har da rarar kwana goma."

"Igiyar Inna Kyauta fa? Tun littafin farko tsohuwar nan kullum sai ta ƙulla ƙulli ɗaya, don su riƙa bin watan gida. Da ita suke azumi, da ita suke salla. Sai takaba ce za a koma watan sama?"

"Igiyar ta ƙone."

"Ba ta ƙone ba! Bakinta ne ya babbake!"

Dorcas matar malamin asibiti, wadda take jiran layin kitso tun hantsi, ta ɗaga hannu kamar 'yar aji. "Ni ban san lissafin takabarku ba. Amma akuyar nan mai ƙafar ƙarfe, ba an yanka ta a littafi na biyu ba? Ni kuka na yi. To jiya ga ta nan tana tiƙa a wurin biki!"

"Ɗiyarta ce."

"Da ƙafar ƙarfen aka haife ta?"

Tsakar gida ta kece da dariya. Taiba kuwa ba ta gama ba, ta nuna Hamdiyya da tsinken tsaga. "To bar igiya, bar akuya. Geron fa? Ranar da Sulaiman ya ɓata anka shuka shi. Ranar ɗaurin aure an ce ko kai bai fidda ba. Ni ɗiyar manomi ce, Hamdiyya. Geron da ya kwana ɗari da arba'in yana rumbu, an ma sha furarsa!"

"Geron sama daban ne."

"Allah shi shirye ki!"

Haka ake ta yi mako uku, ashe, tun ranar da aka fara maganar auren a labarin. Guruf ya rabu biyu, 'Yan Igiya da 'Yan Wata. An cire mutum goma sha ɗaya. A Bakura wata da ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa.

Suwaiba ta gyara zama. Muryarta na rawa ta ce, "Duk ku bar wannan. Takabar ma ba ta hau kanta ba. Sulaiman bai mutu ba."

Duk suka juyo suka dube ta.

"Shafin ƙarshe na littafi na biyu. Amira na zaune ɗakin rediyo, ta ji bugu ukku. Kun mance?"

"Wane bugu, amarya?" Taiba ta jawo wayarta ta shiga ja da yatsa, ta ja, ta ja. "Ga ƙarshen nan. Amira ta cire 'yan kunnenta ta shiga takaba. Tammat. Babu bugu, babu rediyo."

"Akwai! Akwai wani shafi bayan wannan!"

"Ƙila mafarkinsa kinka yi," in ji Hamdiyya, sai yanzu ta ɗago ta dube ta, da wani murmushi mai sanyi. "Ni dai da yatsuna na buga littafi na ɗaya da na biyu kaf. Ina ga na fi ki sani."

"Ke... kinka buga?"

"Wa kike zato? Yaya Zaharadeen shina da lokacin taifin? Yakan miƙo mini littafin yadda yake, ko buɗewa ba ya yi." Ta ɗan karkata kai. "Ai shi ya rubuta abinsa, ko? Mi zai karanta?"

Ita Hamdiyyar nan ɗiyar kawun Zaharadeen ce daga Bakura. Ita uwarsa ta so ya aura, har yau kuma ba ta daina so ba. Ko lefen Suwaiba da aka kawo, an ce sai da uwar ta kwanta ciwon kai kwana biyu.

Suwaiba ta ja mayafi ta rufe rabin kitsonta, ta miƙe. Taiba na kira, "Ke amarya, haka za ki fita kamar wadda kura ta koro?" Ba ta waiwaya ba. A bakin zaure Hamdiyya ta cim mata, wai za ta gyara mata mayafi, ta sunkuyo daidai kunnenta.

"Rubutun mace ba ya ɓuya, amarya. Tun shafin farko na gane. Wancan shafin kuwa na ga ba na jama'a ba ne, shi ya sa na bar shi." Ta daki kafaɗarta a hankali. "Na zaci mai shi zai tambaya. Wata huɗu, bai tambaya ba."

Suwaiba ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta gida ba. Geron bayan gari ya fidda kai yana kaɗawa, ko kallonsa ba ta yi ba. Amma da ta iso ƙofar gidansu, idonta ya sauka kan falwayar ƙarfen da ke jikin katanga, sai hawayen suka ɓalle.

Wannan falwayar tana da tarihi. Shekara uku da suka wuce, da Zaharadeen ya fara zuwa, Malam Sallau ya kore shi, ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga mai tura wa yara waƙoƙi a waya. Ya hana zance, ya hana aike. To shekara guda cur, kullum bayan la'asar, sai yaron ya biyo ta lungun, ya ɗauki dutse ya daki falwayar sau uku, ya wuce abinsa. Ba magana, ba leƙe. Suwaiba na cikin gida tana tankaɗe ko wanke-wanke sai ta ji. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ina nan, ban tafi ba.

Ranar da ta rubuta shafin ƙarshen nan, murna kamar ta kashe ta. Ta miƙa masa littafin tana sunkuyar da kai. Ta jira ya ce wani abu. Da ya yi shiru, sai ta ce kunya ce irin ta maza. Kunya! Wai kunya!

Malam Sallau na zaune a zaure yana tufkar igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa. Ya dubi fuskarta sau ɗaya.

"Wa ya mutu?"

Ta durƙusa. "Baba, ina da laifi wurinka."

Ta faɗa masa duka, daga littafin makaranta har jirgin sama har gidan kitso. Tana magana tana jiran tsawa. Tsohon bai daina tufka ba sai da ta kai ƙarshe.

"Wato ke ce kike hana matan gari dafa abinci."

"Ka yafe mini, Baba."

"Tsohuwar nan mai ƙulla igiya... daga ina kinka samo ta?"

Suwaiba ta saci kallon igiyar da ke ƙafarsa, ta sunkuyar da kai.

Ya yi gyaran murya, ya kau da fuska. "Yara kan karanta mana a majalisa. Na zaci yaron ne. Har na ce ashe shina da kai." Ya ja numfashi. "Laifinki mu ajiye shi, za mu yi maganarsa, kar ki zaci ya wuce. Amma bugu ukkun nan, Suwaiba, kina zaton kurma ne ni?"

Ta ɗago da sauri.

"Shekara guda shina dukan falwayata. Ranar da anka wuni ana ruwa na leƙa, na gan shi jiƙe sharkaf, ya buga ya wuce. Ranar na ce ya turo magabatansa. Ban ba shi ke don sana'arsa ba, ban ba shi don danginsa ba, uwarsa ma ba son ki take ba. Na ba shi don na ga mai jira ne."

"Baba, mi zan yi?"

"Ke kinka zaɓa, ke za ki duba. Tafi ki ji daga bakinsa. In kin ce a ɗaura, a ɗaura. In kin fasa, ni da kaina zan mayar da goro." Ya ɗaga yatsa. "Amma ki ji da kyau, ɗiyata. Ba na mayar da goro in sake karɓa. Ba na tsayawa gaban mutane sau biyu."

Bayan la'asar ta isa shagon. Ɗan ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, da teburin gilashi cike da matattun wayoyi, ga warin dalma. Zaharadeen ya sunkuya kan wata waya da ya farke. Yana ganinta ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"Matuƙiyata! Hasken idona! Jiya kinka dawo shi ne sai yanzu? Wallahi Mafara ta yi mini faɗi da ba ki..."

"Ka aurar da Amira."

Murmushin ya tsaya a inda yake.

"Au... kin ji." Ya sosa ƙeya. "So na yi in ba ki mamaki, gimbiyata. Zauna in yi miki bayani."

"Ina ji daga nan."

"Kin san mutane. Kullum sai an tsayar da ni, Ɗan Janbako ina na ukku? A masallaci, a kasuwa, har wurin jana'iza! Mutane sun fara fita daga guruf. Ke kuma kina Maradun, ƙaramar wayarki ba ta shiga guruf. Sai Hajiyarmu ta kawo Hamdiyya, ta ce tunda ita ke bugawa ta san labarin, mu haɗa kai. Ni ina faɗi, ita tana gyarawa. Ɗan riƙon ƙwarya ne kawai kafin ki..."

"Wa ya ce a yi auren?"

"Ita ta ce wai mata ba su son labarin da babu biki. Kuma kin gani, an dawo! Ana ta gardama, har daga Gusau ake shigowa!"

Yana faɗi idonsa na ƙyalli. Wallahi murna yake.

Suwaiba ta dube shi. A hankali ta kira shi da sunan da ta saba, ta ce, "Nawa, mi sunan akuyar?"

"Wace akuya?"

"Mai ƙafar ƙarfe."

"Ai... akuya ce dai. Tana da suna?"

"Wa ya ƙulla wa Sulaiman igiya ranar da zai fita?"

"Haba Suwaiba, jarrabawa ce?"

"Ka karanta littafina, Zaharadeen? Ko shafi ɗaya?"

Ya kau da ido. "Ina bin sharhin mutane a guruf. Kusan duk na san abin da ya faru. Kin san aikin nan, ido yake ci, in na tashi ba na iya..."

"Ina littattafan?"

Ya waiga nan, ya waiga can. Ita ta riga shi gani. Ga su can ƙarƙashin teburi, an tokare ƙafar fanka da su. Ta durƙusa ta zaro. Bangon na biyu duk ɗigon dalma, ga zoben gindin kofin shayi. Ta kaɗe ƙurar da bakin mayafinta, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ajiye a kan gilashin.

"Karanta."

"Gimbiya..."

"Da ƙarfi!"

Ya ɗauka. Ya fara da muryar mai son a gama da wuri.

"Amira ta kife kanta a kan teburin rediyo. Kowa ya ce mata ya mutu, har ta yarda. Sai ta ji wani sauti daga cikin duhu, kamar dutse a jikin ƙarfe. Ƙwas... Ƙwas..."

Ya tsaya.

"Ci gaba."

"Ƙwas. Duk Tungar Sama babu wanda ya san ma'anarsa sai ita. Ina nan, ban tafi ba. Ta mayar da 'yan kunnenta, ta ce, ko shekara nawa ce zan jira."

"Akwai saura. Can ƙasa, da jan biro."

Da ƙyar ya iya fitar da shi. "Nawa, wannan shafin naka ne."

Littafin ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya zauna daɓas a kan benci, hawaye na bin gemunsa. Kuma kukan gaskiya ne, kar a zalunce shi.

"Ban sani ba, Suwaiba. Wallahi tallahi ban sani ba! Hamdiyya ta cuce ni..."

"Hamdiyya ta cire shafi. Amma ita ta karanta shi."

"Zan gyara! Yau ɗin nan! Mu ce duk mafarki Mamuda yake. Ko mu dawo da Sulaiman, alƙali shi raba auren. Mu sa shafin nan yadda yake, kowa shi gani. Akuyar ma mu sake yanka ta! Ki faɗi abin da kike so, masoyiyata, ki faɗi kawai!"

Zuciyar mace, ina ruwanta da hankali? Ganin hawayensa sai ta ji ta fara narkewa. Ta tuna shi jiƙe cikin ruwa da dutse a hannu. Ta tuna ɗinkunan da ke jere a akwati, da goron da aka raba, da kwana goma sha tara. Ta ce a ranta, abu ɗaya. In ya yi abu ɗaya, na yafe.

"Ɗauki wayarka."

Ya ɗauka da sauri.

"Ka yi saƙon murya a guruf. Ka ce littafi na ukku ba ya cikin labarin, a shafe shi. Ka ce ba kai ka rubuta na ɗaya da na biyu ba. Ka faɗi sunana. Baba ya sani, babu sauran abin ɓoyo."

Yatsansa ya tsaya a kan wayar.

"Yanzu?"

"Yanzu."

"To... ai dama alkawarinmu bayan biki ne, ko? Mu bari a ɗaura, sai mu bi abin a hankali. Mu ce tare munka rubuta." Ya share fuska da hannun riga. "Kin ga ran Asabar an gayyace ni Bakura, in yi wa 'yan makaranta magana kan rubutu. Hajiya har ɗinki ta yi mini, ta gaya wa dangi kaf. In na fito yanzu na ce ba ni ba ne, da wane ido zan shiga kasuwar nan? Ɗan Janbako ake ce mini, Suwaiba. Ko babanki sai da labarin nan ya fara amsa gaisuwata da fara'a."

"Na sani. Ya gaya mini."

"To kin gani! Ki rufa mini asiri, ni mijinki ne nan da kwana kaɗan. Sunana ai sunanki ne." Ya matso, ya sassauta murya. "Haba hasken idona. Za ki rusa aurenmu kan mutanen da babu su? Labari ne fa kawai!"

Labari ne fa kawai.

Sai ta ji abin da ke narkewa a ƙirjinta ya sake daskarewa, wannan karon har ƙasa.

Wayar ta hau ruri a hannunsa. Sunan Hamdiyya ne ɓaro-ɓaro a fuskarta, lokacin sakin shafi na ashirin da biyu ya wuce. Bai ɗauka ba, a gaya gaskiya. Amma sai da idonsa ya je can ya dawo, ya sake komawa.

"Wata biyu na yi a Maradun," Suwaiba ta ce, muryarta ba ta rawa ko kaɗan yanzu. "Ba watan sama ba, na nan ƙasa. Kwana sittin. Ina wanke zannuwan jego ina tsara yadda Amira za ta shekara bakwai tana jiranka. Ashe kai ko gero bai fidda kai ba ka ɗaura mata aure."

"Ai ba ke ba ce Amira..."

"Da ka karanta, da ka sani."

Ta murza zoben baikon da ke yatsanta. Ya ɗan matse, sai da ta ciji leɓe ya fita. Ta ajiye shi a kan gilashin, daidai saman matattun wayoyin. Ta tattara littattafanta biyu ta rungume a ƙirji.

"Suwaiba! Ki tsaya! Kin san Malam, in ya mayar da goro shi ke nan!"

"Na sani."

"To zan yi saƙon! Ran Lahadi! Bari Asabar ɗin ta wuce kawai, Lahadi da sassafe wallahi..."

Ta juya. Ta kai bakin ƙofa, ta kama marikin ƙarfen.

Sai ta ji daga bayanta.

Ƙwas.

Ƙwas.

Ƙwas.

Da gindin sukundireba ya daki ƙarfen teburin.

Ta tsaya cak. Kafaɗunta suka girgiza, hawaye ya ɗiga a bangon littafin, daidai kan ɗigon dalmar. Wata mai awara da ke gefen shagon ta rantse ta zaci za ta koma.

Ba ta juyo ba.

"Shekara biyu ba ka buga ba, Zaharadeen. Yau ma don ka karanta ne."

Ta fita, ta fizgo ƙofar ƙarfen da dukan ƙarfinta. Garam! Sau ɗaya tak, amma har 'yan tireda na tsallaken titi sai da suka waiwayo.